Karnukan kiwo da na farauta, da rigimar kashe koyote a Amurka

Koyote wani naman daji ne da ke nahiyar Amurka ta Arewa, ɗan'uwan kare da kyarkeci. Duk wanda ya san dila, in ya ga hotonsa zai ce ai dila ne ya samu ƙoshi. Shi ne babban abokin gabar masu tumaki a ƙasar Amurka, kuma saboda shi ne aka shigo da wasu jinsunan karnuka ƙasar, aka kuma horar da wasu. Sama da shekara 100 ke nan ana kashe shi da bindiga da tarko da guba, amma yau ya fi da yaɗuwa. Wannan bayani ne a kan shi kansa koyoten, da karnukan da makiyaya da mafarauta suka fi so, da kuma jayayyar da ake yi a kan dacewar farautarsa.

Wane ne koyote?

Sunan ya fito ne daga harshen mutanen Aztek na Meziko, ya bi ta bakin Sifaniyawa ya shiga Turanci. A 1823 wani masanin dabbobi mai suna Thomas Say ya raɗa masa sunan kimiyya, Canis latrans, wato kare mai haushi. Nauyinsa yakan kai kilo 9 zuwa 20. Launinsa toka-toka ne da ja-ja, bakinsa siriri, kunnuwa a tsaye, jela mai gashi da yake saukar da ita ƙasa in yana gudu. Yakan yi gudun da ya wuce kilomita 60 a awa. Da dare kuwa, in biyu ko uku suka haɗa kuka, sai ka rantse goma ne.

Namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru, su kama yanki ɗaya su tsare shi. Macen tana ɗaukar ciki kamar kwana 63, ta haihu a rami wajen watan Afrilu, yawanci 'ya'ya biyar zuwa bakwai. Ba ya zaɓen abinci. Ɓera da zomo su ne cimarsa ta kullum, amma yana cin mushe da 'ya'yan itace da fara da abin bola, in ya samu ɗan rago ko ɗan barewa ma ba ya ƙi.

Asalinsa ɗan filayen ciyawa ne da hamadar yammacin Amurka. Yanzu ana samunsa tun daga Alaska har Panama, kuma a duk jihohin Amurka in ban da Hawaii. Ya shiga manyan birane ya zauna. A Shikago, wani malamin jami'a, Stanley Gehrt, yana bin diddiginsu tun shekarar 2000, kuma a 2007 wani koyote ya shiga shagon sayar da abinci a tsakiyar birnin da rana tsaka, ya je ya zauna a wurin sanyaya lemo. A tatsuniyoyin 'yan asalin Amurka shi ne sarkin wayo da iya shege, kamar dai Gizo a namu. Mu kuma dila muke kira malamin daji, ka ga halin dangin ɗaya ne.

Ɓarnar da yake yi

Kukan makiyaya gaskiya ne. A cikin namun dajin da ke kashe tumaki a Amurka, koyote ne kan gaba, shi kaɗai ya fi rabi. Yakan kama ɗan rago a maƙogwaro ya riƙe har ya mutu. Wanda ya kwana yana karɓar haihuwar tunkiya cikin sanyi, da safe ya tarar da gawar ɗanta, ba ya buƙatar a yi masa wa'azin tausayin dabba.

A wajen shanu lissafin ya ɗan bambanta. Ma'aikatar noma ta Amurka ta yi ƙidayar mutuwar shanu ta shekarar 2015, ta gano kusan kashi 98 cikin 100 na manyan shanun da suka mutu, da kusan kashi 89 na maruƙa, ba naman daji ne ya kashe su ba. Ciwon huhu da ciwon ciki da wahalar haihuwa da mummunan yanayi su suka fi cin dukiyar. A cikin maruƙan da naman daji ya kashe kuwa, koyote ne ke da sama da rabi.

Mutum fa? Yakan ciji mutane jefi-jefi, musamman inda aka saba ba shi abinci har ya daina jin tsoro. Kisan mutum sau biyu aka tabbatar: wata yarinya 'yar shekara 3 a Kalifoniya a 1981, da wata budurwa 'yar shekara 19 a Kanada a 2009. A birane abin da ya fi ɗauka shi ne kyanwa da ƙananan karnukan gida.

Karnukan kora

Karen aiki iri-iri ne, kuma kuskure ne a haɗa su wuri ɗaya. Na farko su ne masu kora, waɗanda aikinsu tattara dabbobi da kai su inda ake so.

Border Collie shi ne gwanin tumaki. Ya fito daga kan iyakar Ingila da Sikotland. Ba ya yawan haushi, sai dai ya sunkuyar da kai ya zuba wa tumaki ido har su bi inda yake so, mai shi yana can nesa yana ba shi umarni da fito. An fara gasar irin waɗannan karnuka a garin Bala na Wales a 1873. Mutane da yawa suna cewa babu karen da ya kai shi kaifin kai, amma in aka ɗaure shi ba aiki, sai ya addabi gida.

Australian Cattle Dog na shanu ne. An samo shi a Ostireliya a ƙarni na 19, da jinin karen dajin ƙasar da ake kira dingo a jikinsa. Gajere ne mai ƙarfi. Yana cizon saniya a dunduniya, ya kwanta ƙasa kafin harbinta ya same shi. Masu manyan garkunan shanu a Amurka suna sonsa ƙwarai saboda juriyar zafi da doguwar tafiya. Akwai kuma Kelpie, da Australian Shepherd wanda duk da sunansa a Amurka aka samar da shi, da Catahoula na jihar Louisiana mai tattaro shanu da aladun da suka fanɗare cikin fadama.

Rottweiler ɗin nan da ake gani a gidajen masu kuɗi a Legas, asalinsa karen fataken shanu ne da mahauta na garin Rottweil a Jamus. Shi ke koro shanu zuwa kasuwa, kuma ana ba da labarin cewa mahauci yakan ɗaura jakar kuɗinsa a wuyan karen in zai koma gida. Da jirgin ƙasa ya karɓe jigilar shanu, sai da jinsin ya kusa ɓacewa. Dattawan kara sun san irin wannan sauyi, don su ma a da da ƙafa ake koro shanu daga Arewa zuwa Ibadan da Legas, kafin jirgi, kafin tirela.

A wajenmu ba a saba kora da kare ba. Shanun Bafulatani sun san muryarsa da sandarsa, yana tare da su yini guda. A Amurka kuwa mutum biyu ko uku ne ke riƙe da dubban dabbobi a fili mai faɗin gaske, shi ya sa kare ya zama ma'aikaci.

Karnukan gadin garke

Waɗannan su ne suka fi shafar maganar koyote. Ba sa kora, ba sa jiran umarni. Suna kwana cikin garke, su ɗauki tumaki kamar danginsu. Fitattunsu su ne Great Pyrenees daga duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, da Maremma na Italiya, da Komondor na Hungary, sai Akbash da Kangal da Anatolian na Turkiyya. Manya ne, da yawansu sun wuce kilo 40, wasu sun haura 55, kuma yawancinsu farare ne kamar tumakin.

Makiyayan Turai da Asiya sun daɗe da su, amma sai a shekarun 1970 suka yaɗu a Amurka, bayan an taƙaita amfani da guba. Wani malami, Ray Coppinger, da matarsa Lorna, na kwalejin Hampshire a jihar Massachusetts, sun shigo da irin waɗannan karnuka daga Italiya da Turkiyya da Yugoslabiya, suka riƙa rarraba 'ya'yansu ga masu tumaki. Tashar binciken tumaki ta gwamnati da ke Dubois a jihar Idaho ita ma ta gwada su.

Sirrin abin yana wajen reno. Ana sa ɗan kwikwiyo cikin 'yan raguna tun yana kamar sati 8, ya tashi da warinsu, kar a mayar da shi abin wasan yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ya zama cikakken mai gadi sai ya kusa shekara 2. Yawancin aikinsa ma ba faɗa ba ne: haushi, da zagaya iyakar garke yana barin warinsa, da tsayawa tsakanin tumaki da baƙo. Koyote mai lissafi ne, in ya ga abin zai jawo masa rauni sai ya koma wajen ɓerayensa.

In ta kama dole kuma suna faɗan. A watan Nuwamba na 2022, wani Great Pyrenees mai suna Casper a jihar Georgia ya tari gungun koyote da suka zo wa tumakin mai shi, ya kashe takwas, shi ma ya sha munanan raunuka har ya rasa jelarsa, amma ya rayu.

Suna da nasu wahalar. Cinsu da yawa, wasu suna yawo har mota ta buge su, wasu suna tare masu wucewa, kuma inda kyarketai suke gungu, kare ɗaya ba ya iya musu. Wasu makiyaya a Texas suna sa jaki a garke a madadin kare, don jaki ba ya shiri da duk wani dangin kare.

An gwada dabarar a Afirka ma. A Namibiya, wata ƙungiyar kare rabbi da Laurie Marker ta kafa ta fara ba makiyaya karnukan Turkiyya a 1994, don su daina harbe wannan dabba mai kama da damisa. Mafi yawan waɗanda suka karɓa sun ce asararsu ta ragu sosai.

Karnukan farauta

Su ma kashi-kashi ne. Akwai masu farauta da ido da gudu. Greyhound shi ne sarkinsu, yana kai wa kusan kilomita 70 a awa. A filayen tsakiyar Amurka ana haɗa shi da wani dogon kare na Sikotland a samu abin da suke kira staghound. Mafarauci yana zuba su a akwati a bayan mota, in ya hango koyote ya buɗe musu, su cim masa su kashe shi da haƙori. Danginsu a Sahel shi ne Azawakh, siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye a Mali da Nijar da Burkina Faso, mai kama barewa da zomo, mai kuma gadin zango. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jinsunan da ta amince da su.

Akwai masu bin sawu da hanci, irin su Foxhound da Walker da July. Ba su kai koyote gudu ba, amma ba sa gajiya. Suna bi suna kuka na awowi, yanzu ma ana sa musu abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, mafarauta suna bin su a mota su tare gaba.

Akwai kuma karnukan yaudara, galibi Mountain Cur da makamantansa. Karen yakan je kusa da yankin koyote ya tsokane shi, koyoten ya biyo shi don ya kore shi, shi kuma ya jawo shi har inda mai bindiga yake ɓoye. Wannan ya fi aiki lokacin da suke da 'ya'ya a rami.

Ga sauran farauta, Beagle na zomo ne, Labrador kuma shi ke ɗauko agwagwar ruwa da aka harbo ba tare da ya tauna ta ba.

Shekara 100 ana kashewa

Da Turawa suka cika yammacin Amurka da shanu da tumaki, sai suka ɗaura yaƙi da namun daji. Kyarkeci ne ya fara faɗuwa, don kafin tsakiyar ƙarni na 20 an kusa share shi daga yawancin ƙasar. A 1931 majalisa ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da dabbobi masu ɓarna. Hukumar da ke wannan aiki yau ita ce Wildlife Services, a ƙarƙashin ma'aikatar noma, kuma duk shekara tana kashe koyote sama da 50,000. In aka haɗa da na mafarauta da masu tarko da makiyaya, an ƙiyasta abin ya kai kusan rabin miliyan a shekara.

Hanyoyin sun haɗa da harbi daga jirgin sama, da tarkon ƙarfe mai kama ƙafa, da zarge, da kashe 'ya'ya a rami, da guba. An daɗe ana barbaɗa wata guba mai lamba 1080 a jikin mushe a bar shi a daji, sai ta kashe koyote ta haɗa da gaggafa da karnukan mutane da duk abin da ya taɓa naman. Garin neman gira aka riƙa rasa ido. A 1972 shugaba Nixon ya hana amfani da irin wannan guba a filayen gwamnati. A 1982 shugaba Reagan ya soke umarnin, daga baya aka yarda a sa gubar a abin wuyan tunkiya kawai, don ta samu wanda ya cije ta.

Akwai kuma wata na'ura da ake kira M-44, ƙaramin bututu ne da ake kafawa a ƙasa da ɗan abin ƙanshi a kai, duk abin da ya ja shi sai ya fesa masa guba a baki. A 2017 a jihar Idaho wani yaro ɗan shekara 14 ya taɓa ɗaya a kusa da gidansu. Shi ya rayu, karensa ya mutu a gabansa. Jihar Oregon ta haramta na'urar a 2019.

A jihohi da yawa koyote ba shi da lokacin hutu a doka, ana harbinsa duk shekara, ba iyaka ga adadi. A 2012 jihar Utah ta fara biyan dala 50 ga wanda ya kawo shaidar ya kashe ɗaya.

Me ya sa bai ƙare ba?

Dalili na farko, an kashe masa babban abokin gaba. Kyarkeci yana kashe koyote in ya gan shi a yankinsa, to da aka kawar da kyarkeci sai fili ya zama nasa. Da aka mayar da kyarketai gandun dajin Yellowstone a 1995, cikin 'yan shekaru koyote ya ragu da kusan rabi a arewacin gandun. Sare dazuzzuka don noma shi ma ya buɗe masa hanyar gabas.

Na biyu, jikinsa yana rama asara. In aka kashe da yawa a wuri, waɗanda suka rage sai abinci ya wadace su, mata su haifi 'ya'ya da yawa, da yawan 'ya'yan su rayu, ƙananan matan da a da ba sa haihuwa su ma su fara. Ga kuma marasa yanki da ke yawo suna jiran gurbi. A 1975 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Connolly da Longhurst, sun yi lissafin cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 duk shekara, na sama da shekara 50, kafin a ga bayansa.

Na uku, ba kowane koyote ne ɓarawon tumaki ba. Binciken da aka yi a tashar Hopland ta Kalifoniya ya nuna yawancin ɓarnar ta ma'aurata ce masu yanki, waɗanda tumaki ke kiwo a cikin yankinsu. A Utah kuma an kama wasu aka yi musu aikin hana haihuwa aka sake su, sai kisan 'yan raguna ya ragu a yankunansu, don ba su da bakunan da za su ciyar, ga shi suna ci gaba da korar baƙin koyote. Ma'ana, mutum zai iya harbe ashirin a bayan tsauni bai taɓa wanda ke shigar masa garke ba. Zai iya ma kashe wanda bai dame shi ba, ya buɗe wa mai ɓarna ƙofa.

Wani darasi ya zo daga Texas. A ƙarshen shekarun 1980 ciwon haukan kare ya ɓarke tsakanin koyote da karnuka a kudancin jihar. A 1995 aka fara watso abinci mai ɗauke da riga-kafi daga jirgin sama, suna ci suna samun kariya. Da haka aka shawo kan cutar, har a 2007 Amurka ta sanar ta rabu da nau'in haukan da ke yawo tsakanin karnuka.

Inda ake jayayya

Mutane kaɗan ne ke musun haƙƙin makiyayi na harbe koyoten da ya kama yana cin dabbarsa. Rigimar tana wurare huɗu.

Gasar kisa. Ana taruwa a ƙarshen mako, a sa kuɗi ko bindiga a matsayin kyauta ga wanda ya fi kashewa, ko ya kawo mafi girma ko mafi ƙanƙanta, bayan an auna a zubar da gawarwakin. Masu yi suna cewa taimakon makiyaya suke yi, da kare 'ya'yan barewa. Masu suka, irin su ƙungiyar Project Coyote da aka kafa a 2008, suna cewa wasa da rai ne kawai. Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin wannan gasa a 2014. Vermont ta hana gasar a 2018, New Mexico da Arizona da Massachusetts a 2019, Colorado da Washington a 2020, Maryland a 2021, Oregon a 2023, New York ma ta sa hannu a dokarta a ƙarshen 2023.

Sakin karnuka. Masu yi suna ganin gado ne da gwanintar horo. Masu suka suna cewa ƙarshen abin faɗan karnuka ne, ana yayyaga dabba da rai, karnukan su ma suna komawa gida da raunuka. Ga kuma rigima da masu gonaki, don kare bai san iyaka ba. Mafi muni shi ne a kamo koyote a sa shi a fili mai shinge a saki karnuka su koyi farauta a kansa. Florida ta hana wannan a 2010. A Ingila ma an hana farautar yanyawa da gungun karnuka da dokar 2004.

Guba da tarko. Ba sa bambance mai laifi da marar laifi, kuma dabba takan daɗe tana wahala kafin ta mutu. Har karnukan gadin garke sukan faɗa musu.

Amfani da abin da aka kashe. Amurkawa ba sa cin naman koyote. Fatarsa ta lokacin sanyi ce ke da kasuwa, ana sa gashin a bakin hular rigar sanyi, sai dai kamfanin Canada Goose da ya yi suna da wannan ya sanar a 2021 zai daina. Wanda aka kashe da zafi kuwa fatar ba ta da daraja, kuma in mai shayarwa ce 'ya'yanta yunwa za ta kashe su a rami.

Su kansu mafarautan ba bakinsu ɗaya ba. Tun 1887, ƙungiyar Boone and Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa take koyar da cewa farauta ta gaskiya ita ce wadda dabba ke da damar tsira. Da yawan masu bin wannan ra'ayi suna harbin koyote da sanyi don fatarsa, amma suna ƙyamar gasa, suna cewa tana zubar da mutuncin sana'ar a idon jama'a.

Mahangar addini

Musulunci ya yi magana a kan wannan tun tuni. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, in an ambaci sunan Allah. Hadisai ingantattu sun yarda a ajiye kare don farauta ko gadin dabbobi ko gona, sun kuma nuna ladan mutum yana raguwa in ya ajiye shi haka kawai. An yarda a kashe dabbar da ke cutar da mutane. Amma an hana mayar da abu mai rai abin gwada harbi, an hana haɗa dabbobi faɗa, an kuma yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal ce.

In aka ɗora maganar koyote a kan wannan ma'auni, abin ya fito fili. Makiyayin da ya harbe wanda ke masa ɓarna, harbi mai kyau da ba ya barin dabba tana jan jiki, yana kan hanya. Wanda ya tara gawa hamsin don ya ci kyauta, ko ya tsaya yana dariya karnuka suna yayyaga dabbar da aka rufe a shinge, ba shi da hujja. Ilimin zamani kuma ya zo ya nuna kisan kan mai uwa da wabi ba ya ma biyan buƙatar mai garke. Karen gadi, da shinge, da killace masu haihuwa kusa da gida, da kwashe mushe daga makiyaya, su ne suka fi tsare dukiya. Riga-kafi ya fi magani.

Ga mai son ajiye kare a nan Kudu

Babu koyote a Najeriya, amma 'yan'uwa da yawa suna ajiye kare a kara, ko a gonar kaji, ko a wurin kiwon raguna, saboda ɓarayi. To a lura da waɗannan.

A fara da sanin aikin da ake so. Karen kora ba ya gadi, karen farauta kuma zai iya bin awakinka da kansa. Manyan karnuka masu tarin gashi na ƙasashen sanyi suna shan wuya a zafi da gumin Legas da Fatakwal, ga kaska, ga ƙudan tsando da ke sa wa kare sammore kamar yadda yake sa wa shanu. Karen gida na ƙasar nan ya fi su juriya, kuma in an rene shi da dabbobi tun yana ƙarami yana yin gadi daidai gwargwado.

A yi masa allurar haukan kare wajen likitan dabbobi, a riƙa sabuntawa, a ajiye katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wannan riga-kafi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ranar, kar a jira alama, don in alama ta fito an makara.

A tsare shi kar ya fita unguwa. Muna zaune ne cikin mutane, kuma cizon ɗan maƙwabci ɗaya zai iya zama rigimar da sai sarkin Hausawa da 'yan sanda sun shiga. Kar kuma a sa guba don ɓera ko karen wani, don ba ka san bakin da za ta faɗa ba. Wanda ya ajiye kare ya ɗauki amanar cinsa da shansa da inuwarsa. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta.